Albarka ko zagi? Inda tayi yake zama wulaƙanci a cinikin waya sakan

Duk wanda ya taɓa ɗora hoton wayarsa a WhatsApp ya rubuta kuɗi a ƙasa ya san irin saƙon da nake nufi. Ka sa ₦150,000, ka ɗauke ta gaba da baya, ka rubuta cewa da kwalinta da cajarta. Ba a yi minti goma ba sai ga wata lamba da ba ka ma ajiye ba: "70 yanzu, turo akawun." Babu sallama, babu tambayar lafiyar batir, babu komai. Wani ya toshe lambar nan take, wani ya mayar da baƙar magana, wani kuma ya ɗauki hoton saƙon ya tura wa abokai a yi ta Allah wadai. Shi kuwa mai tayin, da za ka tare shi, cewa zai yi rashin tayi a kan bar arha, kuma ai bai ƙwace ba, tayawa ya yi.

Kowannensu yana da abin kamawa. Ba a haramta wa kowa neman ragi ba, kuma ba a wajabta wa kowa haɗiye raini ba. Abin da ake ta musu a kai a shagunan caji da ɗakunan kwanan ɗalibai, daga Kafin Hausa har Haɗejia, shi ne wurin da layin yake. Rabi? Kashi ɗaya cikin uku? Ni aikina rubuta manhaja ne, kuma ɗabi'armu ce mu so a ba mu lamba guda mu saka a lissafi mu huta. Lambar tana nan, za mu zo gare ta. Amma kafin nan sai an gyara abin da ake aunawa da ita, domin yawancin masu wannan musu suna auna tayin ne da kuɗin da mai waya ya rubuta, alhali ba nan ma'aunin yake ba.

Yadda iyayenmu suke tayi

Je ka kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, ko ka tsaya a kasuwar kifi ta Haɗejia, ka saurara. Sau da yawa mai kaya ba ya fara faɗin kuɗi. Kai zai ce wa, "Taya." Ka faɗi abin da ka faɗa, ya ce, "Albarka." Kalmar nan ƙin sayarwa ce, amma ƙi ne da ya zo da addu'a, bai rufe ƙofa ba. Ka ƙara, ya sake cewa albarka, dillali ya ja ka gefe ya ce, "Alhaji, ɗan matsa kaɗan," har a kai inda za a ce an sallama. Tayin farko a nan yakan yi ƙasa ƙwarai, kuma ba wanda yake jin an zage shi.

Dalili kuwa, abu uku ne suke riƙe da wannan ciniki. An gaisa kafin a fara. Kayan yana gaban kowa, mai saye ya buɗe bakin ragon ya ga haƙora, ya shafa bayansa. Sannan ga dillali, wanda tun safe ya ga an sayar da irin wannan rago goma, ya san kuɗin ranar, kuma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Tayin farko matakin tsani ne kawai, kowa ya san hawa za a yi.

Cinikin waya ta WhatsApp ko Facebook ko Jiji ya zubar da duka ukun. Mai kaya ya riga ya faɗi kuɗi, wato ya yi nasa matakin. Mai saye bai taɓa wayar ba. Babu dillali a tsakani. Sai lamba tsirara ta faɗo a fuskar waya, babu murmushin da zai nuna wasa ake. Tayin da za a yi dariya a kansa a bakin rumfa, a rubuce zagi yake zama. Mun ɗauko al'adar tayi ƙasa-ƙasa daga kasuwa, mun baro ladubbanta a can.

Kuɗin da aka rubuta ba shi ne darajar waya ba

Kowace waya sakan tana da kuɗi uku. Akwai abin da mai ita ya saye ta, akwai abin da ya rubuta yana nema, akwai kuma abin da irinta take tashi yau idan aka kai ta inda masu saye suke da yawa, kamar Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Na ukun nan shi ne darajarta. Sauran biyun labari ne.

Na farkon ma ya daina aiki tun 2023. A farkon watan Yunin shekarar dala tana wajen ₦460 a farashin gwamnati, wajen ₦750 a kasuwar bayan fage. Ranar 14 ga watan Babban Bankin Najeriya ya saki naira, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura ₦1,500. Wayoyinmu kuwa, Tecno ce ko Infinix ko itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, ko Samsung ko iPhone, da dala ake shigo da su ko kayan haɗa su. Shi ya sa aka ga abin da ba a saba gani ba: mutum ya sayi waya a 2022, ya more ta shekara biyu, ya sayar da ita a kan kuɗin da ya saya ko fiye. Wanda ya ce masa, "Ai nawa ka saye ta sabuwa?" bai kawo hujja ba. Mai wayar ba 2022 zai koma ya sayi madadinta ba, kasuwar yau zai shiga.

Bari mu ɗauki misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce waya ce da sabuwarta take ₦200,000 yau, mai tsabta da ta shekara ɗaya a hannu kuma tana tashi ₦130,000. Mutum na farko ya rubuta ₦190,000 saboda yana jin wayarsa kamar 'yarsa. Ka taya ₦110,000. Ka zaftare fiye da kashi 40 cikin 100 na abin da ya rubuta, zai yi ta kumfar baki, amma tsakaninka da darajar wayar kashi 15 ne kacal. Wannan ciniki ne, shi ne ya yi sa-kuɗin wulaƙanci. Mutum na biyu yana da mara lafiya a asibiti, ya rubuta ₦100,000 don ta tafi yau. Ka taya ₦80,000. A ido ragin kashi 20 ka nema, kamar mutumin kirki. A gaskiya kuwa ka yi ƙasa da darajar wayar da kashi 38. Tayin da ya fi kama da ladabi shi ne ya fi zalunci.

Saboda haka kafin ka rubuta kowace lamba, nemi ta ukun. Tambayi masu shago biyu ko uku nawa za su sayar maka da irinta, ba nawa za su saya ba. Duba tallace-tallacen Jiji, amma ka tuna abin da kake gani a can kuɗin nema ne, wanda ya daɗe a rataye ma alama ce ta cewa ya yi tsada. Idan kana da wani a Kano, kira ɗaya ya wadatar.

Sulusi

Yanzu ga lambar. Ba ni na ƙirƙiro ta ba, ta girmi kakannina. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna abin da suke kira gabnu, wato a sayi abu ko a sayar da shi nesa da darajarsa. Sun raba shi biyu: ƙarami, wanda ba a rasa shi a kowane ciniki kuma ana yafe shi, da mai muni. Wasu daga malaman Malikiyya sun sa iyakar mai munin a kan sulusi, kashi ɗaya cikin uku. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wanda har yau ake karanta shi a zaurukanmu kuma alƙalan kotunan shari'a suke komawa gare shi, ya kawo sharuɗɗan mai ƙarar gabnu: kada shekara ta wuce, ya kasance bai san darajar abin ba lokacin cinikin, kuma ratar ta kai sulusi ko fiye. Akwai saɓani a mazhabar kan ko ana warware ciniki saboda wannan, ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne da me suka auna. Ba su auna da abin da mai kaya ya nema ba. Da ƙimar abin a kasuwa suka auna.

Daular Usmaniyya ta Turkiyya, a kundin dokokinta na Majalla da aka rubuta tsakanin 1869 da 1876, ta ma fi tsanantawa, kuma ta bambanta: kashi 5 cikin 100 a hajar kasuwa, kashi 10 a dabbobi, kashi 20 a gida da fili. Dubi hikimar. Duk abin da kuɗinsa ya fi sanuwa, ratar da za a lamunta ta fi ƙanƙanta. Waya mai suna da lamba, wadda dubunta suke yawo a gari, ta fi kusa da hajar kasuwa. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ba a san ciwonta ba, ko janareto da ya sha hannun makanikai, sun fi kusa da dabba: sai an duba haƙora.

Idan muka koma ga wayarmu ta ₦130,000, sulusinta ₦43,000 ne da ɗoriya. Duk tayin da ya faɗi ƙasa da ₦87,000, a kan waya mai lafiya, ba tare da wani dalili ba, a wurina ya bar ciniki ya shiga raini. Tsakanin ₦87,000 da ₦105,000 tayi ne mai zafi, a ce albarka a ci gaba. Daga nan zuwa sama kuwa, mai waya da ya yi fushi shi ne bai san kasuwa ba.

Kada kuma mai saye ya ɗauka fushin mai kaya shirme ne. A 1982 wani masanin tattalin arziki Bajamushe, Werner Güth, da abokan aikinsa biyu sun gwada wani wasa da ɗalibai a birnin Kolon. A ba mutum ɗaya kuɗi a ce ya raba da wani. Idan na biyun ya yarda kowa ya ɗauki nasa, idan ya ƙi duka su tashi a tutar babu. Lissafi ya ce ko sisi aka ba ka karɓa, ai ya fi babu. Mutane ba su bi lissafin ba. An maimaita gwajin a ƙasashe da dama, kuma a yawancinsu idan rabon ya gaza kashi ɗaya cikin biyar, kusan rabin mutane sun gwammace su rasa da su karɓa. Ma'anarsa a cinikin waya a fili take: tayin raini ba ya sauko da farashi, rufe ƙofa yake yi. Na sha ganin wanda ya sayar wa wani a kan ₦115,000 bayan ya ƙi ₦120,000 daga wanda ya fara da 70.

Ragin da yake da suna

Duk abin da na faɗa a sama a kan waya mai lafiya ne. Waya mai aibi kuwa darajarta ce take sauka, kuma tayin da ya bi ta ƙasa ba wulaƙanci ba ne, ko da ya kai rabi. Sharaɗin kawai shi ne kowace naira da ka cire ka iya kiran sunanta.

Batir ne na farko, musamman a wajenmu. Kamfanin Apple ya ce batirin iPhone 14 da na ƙasa da ita an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma bayan 1,000, kuma ya ce wayar ta fi son yanayin da bai wuce digiri 35 ba. To a Haɗejia cikin Afrilu zafi yana haura 40, ga wayar tana kwance a shagon caji cikin tarin 'yan'uwanta a kan wutar janareto. Batirin shekara biyu a nan ba ɗaya yake da na shekara biyu a Landan ba. A iPhone shiga saiti ka duba lafiyar batir. Idan ta gaza 80, cire kuɗin sabon batir gaba ɗaya. Idan kuma tsohuwar waya ce tana nuna 100, tambaya ta ƙaru, ba raguwa ta yi ba: ko an canza shi, ko an taɓa lambar. Daga iOS 15.2 akwai wurin da wayar take nuna tarihin kayan da aka sauya mata. A yawancin wayoyin Android babu wannan lamba a fili, sai ka kunna bidiyo da cikakken haske na minti goma ka ga nawa ya zube, ka kuma duba ko bayanta ya fara kumbura.

Gilashi shi ne na biyu, kuma a nan ne ake yawan cutar juna. Na Tecno da itel yana da sauƙi, kowane mai gyara yana da shi ko zai samo. Na manyan Samsung masu AMOLED kuwa, na asali yakan ci wani babban kaso na darajar tsohuwar wayar, shi ya sa ake liƙa musu na kwafi mai dishi-dishi wanda sau da yawa ba ya karanta yatsa. A Samsung danna *#0*# ka gwada launuka da taɓawa. Waya mai gilashin kwafi ba za ta yi kuɗin mai na asali ba, ko mai ita ya rantse bai sani ba. iPhone da Face ID ɗinta ya mutu, ko wadda aka kulle wa layin wata ƙasa tana aiki da 'yar cip a ƙarƙashin sim, ko iPhone 14 ta Amurka da ta zo babu gidan sim sam, duk ajinsu daban, kuɗinsu daban.

Akwai kuma aibin da ba a gani da ido: kwanan wayar. A Oktoban 2023 WhatsApp ya bar wayoyin da suke ƙasa da Android 5.0, a 2025 ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. iOS 26 da ya fito a Satumban 2025 bai karɓi iPhone XR da XS ba. Ba wai sun mutu ranar ba ne, amma agogo ya fara bugawa, kuma manhajojin banki ba sa jira. A ɗaya gefen, Samsung ya yi wa Galaxy S24 alkawarin sabuntawa na shekara 7, haka Google ya yi wa Pixel 8. Wayoyi biyu masu kyan jiki iri ɗaya, ɗaya saura mata shekara biyar, ɗaya saura ɗaya, ba za a taya su da ma'auni ɗaya ba.

Sai nisa. Wannan ne mutanen birni ba sa lissafawa. A Kafin Hausa masu sayen waya mai tsada ba su da yawa, mai sayarwa ya san haka, mai saye ma ya sani. Halal ne farashi a nan ya ɗan gaza na Kano. Amma da nawa? Da abin da mai wayar zai kashe idan ya kai ta can: kuɗin mota zuwa da dawowa, abinci, yinin da ya rasa, da ɗan abin kasadar hanya. Ragin nisa ke nan, iyakarsa ke nan. Wanda ya cire ₦40,000 da sunan "ai nan ba Kano ba ce" ya sani sarai motar Kano ba ta kai haka ba.

Mai shago kuma hukuncinsa daban. Shi don ya sayar yake saye. Yana biyan haya, kuɗinsa zai kwanta, idan ta lalace bayan kwana uku shi za a dawo wa. Tayinsa dole ya gaza naka. Abin da ba na so shi ne wanda zai riƙe wayar a aljihunsa ya zo yana tayin 'yan kasuwa.

Lokacin da kowa yake sayarwa

A wannan yanki waya asusu ce. Manomi matashi yakan saye ta da kaka, bayan an sayar da shinkafa ko riɗi, ya san idan ta ɓaci zai mayar da ita kuɗi cikin yini ɗaya, abin da ko akuya ba ta cika yi ba sai ranar kasuwa. Idan noman rani ya kama a fadamun Auyo da Haɗejia, ga taki, ga man injin ban-ruwa wanda tun cire tallafi a Mayun 2023 ya zama abin da ya zama, sai ka ga wayoyi sun fito. Haka lokacin rajista a Jami'ar Sule Lamido da ke nan Kafin Hausa, ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejia. Haka gab da Sallah.

Mafi tsanani shi ne shekarar ruwa. A daminar 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Kafin Hausa da Auyo da Haɗejia da Guri da Kiri Kasamma. A Bulangu gidaje da yawa sun rushe. Wanda ruwa ya cinye masa shinkafa, ɗakinsa ya faɗi, abin da ya fito da shi a aljihu shi ne wayarsa. Idan irinsa goma suka fito da wayoyi a mako guda, farashi zai sauka da kansa, wannan kasuwa ce, ba laifin kowa. Amma akwai bambanci tsakanin ka saya a farashin da ya sauka, da ka kalli idon mutum ka karanta matsuwarsa ka mayar da ita ragi. Gwajin mai sauƙi ne. Tambayi kanka: da ban san halin da yake ciki ba, wannan lambar zan faɗa? Idan amsar a'a ce, ba wayar ka taya ba, shi ka taya.

Kuma nan ba Legas ba ce inda za ka sayi abu a Computer Village ku rabu har abada. Wanda ka yi wa tayin raini yau, gobe kuna sahu ɗaya a masallaci, ko ƙanwarsa ajinku ɗaya. Idan ba ka da kuɗin da ya kai, akwai hanyar faɗa da ba ta ƙona kowa: "Yayana, na san ta fi haka, wallahi abin da ke hannuna ke nan. Idan ka samu wanda ya fi, ka ba shi." Lamba ɗaya ce da ta wancan mai "70 yanzu", amma ka yarda da darajar kayansa, ka bar masa zaɓi. Mutane da yawa sukan sallama a kan wannan, ko su ce ka ciko nan da mako.

Tayin da ya fi kowane muni

A ganina ba ƙaramar lamba ce ƙarshen wulaƙanci ba. Ƙarshensa shi ne tayi na biyu. Kun gama magana a waya a kan ₦120,000, mutum ya hau mota daga Kafin Hausa ya same ka a Haɗejia, ka jujjuya wayar, ba ka ga wani aibin da bai faɗa maka ba, sannan ka ce, "Gaskiya 95 ce a jikina." Ka san ya kashe kuɗin mota, ka san ba ya son komawa da ita. Wannan ba neman ragi ba ne, tarko ne. Idan ka ga aibin da aka ɓoye, buɗe ciniki sabo haƙƙinka ne. Idan babu, magana ta riga ta ƙare.

Ƙanwarsa ita ce haɗa baki: abokai uku su tura wa mutum tayi ƙasa-ƙasa ɗaya bayan ɗaya don ya ɗauka kasuwar ce ta faɗi, na huɗu ya zo a matsayin mai ceto. Masu sayarwa ma suna da tasu, a sa wani ya yi tayin ƙarya mai tsoka a gabanka don ka ƙara, abin da malamai suke kira najashi kuma suka hana. Da kushen ƙarya, ka ce batirin ya mutu alhali ka ga 89 da idonka.

Idan aka sallama maka da wuri

A ce ka yi tayin rabi, kana jiran albarka, sai ka ji, "Kawo." Kada ka yi murna tukuna. Banza ba ta kai zomo kasuwa. George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi suna ne da wata maƙala ta 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci: mai sayarwa ya san ciwon kayansa, mai saye bai sani ba, don haka mai saye yana taya komai ƙasa, masu kaya mai kyau sai su janye, a bar kasuwa da gurɓatattu. Mai yawan tayin raini da hannunsa yake tace masu gaskiya, ya bar wa kansa masu abin ɓoyewa.

Abin ɓoyewar kan zama ɗaya cikin uku. Ko wayar tana ɗaure da asusun wani: iPhone tun iOS 7 a 2013, Android tun 5.1 a 2015, idan aka goge su ba a cire asusun mai su ba, sai su nemi kalmar sirrinsa. Ko wayar bashi ce, irin ta tsarin biya-kaɗan-kaɗan, wadda kamfani yake kulle ta daga nesa ranar da aka daina biya. Ko kuma ta sata ce, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code. In an bi sawu, hannun da aka same ta a ciki shi ake fara kamawa, kuma arhar da ka saye ta ita ce za ta zama shaida a kanka. Danna *#06#, lambar IMEI mai lamba 15 za ta fito, gwada ta da ta jikin kwali da rasit. Sa mai wayar ya cire iCloud ko asusun Google da hannunsa, a goge ta a gabanka, ka sa layinka, ka haɗa ta da intanet, ta tashi har ƙarshe kafin kuɗi su bar akawun ɗinka. Wanda ya ce sauri yake yi, bar shi ya yi saurinsa.

Kai kuma mai sayarwa, rabin tayin rainin da kake samu tallarka ce take jawo shi. Hoto ɗaya mai duhu da "waya ta siyarwa" kifi ne a ruwa, kuma kifi a ruwa ba a taya shi da tsada. Rubuta sunanta cikakke, girman ma'adana, lafiyar batir, abin da aka taɓa canzawa, akwai kwali da rasit ko babu, a wane gari take. Faɗi aibinta da bakinka kafin a gano; aibin da ka faɗa kuɗin gyara kawai zai ci, wanda aka gano kuwa har da yarda zai tafi. Kada ka ɗora fiye da kashi 10 zuwa 15 a kan darajarta don wurin ragi, kuma ka yanke a ranka lambar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba tun kafin saƙo na farko ya shigo. Idan mai 70 ya zo, ba sai ka zage shi ba, ba sai ka watsa shi ba. Rubuta masa "Albarka, 125 ce ƙarshe," ka ajiye waya. In mai saye ne zai dawo da lamba ta biyu. In ciniki ya faɗa, ku sami takarda ku rubuta sunan wayar da IMEI da kuɗin da kwanan wata, ku sa hannu ku biyu da shaida ɗaya, kowa ya ɗauki hotonta.